Kuɗin da ake binnewa: injinan kafa turakun gini da halin ƙasar Abuja

A ƙarshen daminar da ta wuce na raka wani dattijo, abokin mahaifina, zuwa filin da yake gina bene a wata unguwa da ke gefen rafi a kudancin Abuja. Wata biyu ke nan da ya sakar wa ɗan kwangila kuɗi masu kauri, kuma a zatonsa zai tarar bulo ya kai ƙugu. Abin da muka tarar fili ne duk taɓo, sai wasu kawunan kankare da suka leƙo daga ƙasa jere-jere kamar kututturan itace, kowanne da rodi tsaitsaye a kansa. Can gefe ga wani ƙaton inji mai ƙafar sarƙa irin ta katafila, da hasumiyar ƙarfe da ta kai tsayin bene hawa biyar. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga injiniyan ya ce, "Yaro, ina kuɗina?" Injiniyan ya ɗan rusuna, ya nuna ƙasa da yatsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kana tsaye a kansu."

Ba ba'a yake yi ba. A ƙarƙashin kowane kai da muke gani akwai ginshiƙin kankare da ya nutse sama da mita 10 cikin ƙasa. Masu aikin gini suna ce wa wannan aiki fayilin, amma kalmar da ta fi dacewa da shi a bakinmu ita ce turke. Duk wanda ya taɓa ɗaure bajimin sa ya san rabin turken da ke cikin ƙasa ne ke riƙe dabbar.

Gini nauyi ne, nauyi kuwa sai ya sami inda zai sauka. Dunƙulen kankare mai mita 1 ta kowane gefe ya kai tan 2.4. Ka lissafa rufin kankaren hawa shida, da ginshiƙai, da bulo, da tayil, da tankunan ruwa a can ƙololuwa, za ka ga dubban tan ne ke danne ƙasa dare da rana, rani da damina. In ƙasar sama mai ƙarfi ce, a haƙa harsashi na mita 1 ko 2, a faɗaɗa masa ƙafa, magana ta ƙare. In kuwa laka ce, ko ciko ne da tifa ta juye bara, to dole a tsallake ta a miƙa nauyin ga abin da ke can ƙasa. Turke kan yi wannan ta hanya biyu. Wani yakan sauka har ya taka dutse ya tsaya a kai, kamar ginshiƙin soro. Wani kuwa ba ya tarar da dutsen komai, ƙasa ce ke rungume jikinsa daga sama har ƙasa ta hana shi motsi. Yaron da ya taɓa soka gora a laka a bakin tafki ya zo zare ta ya san ƙarfin wannan riƙo. Burj Khalifa na Dubai, mai tsayin mita 828, yana zaune a kan turaku 190 da 'yan kai masu zurfin kimanin mita 50, kuma akasarin ƙarfinsu daga wannan rungumar ne.

Dabarar tsohuwa ce. Fadar da ke tsakiyar birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wadda aka fara ginawa a 1648, tana kan turakun itace 13,659 da aka buga cikin laka da ƙarfin damtse: a ɗaure ƙaton nauyi da igiya, ƙarti su ja shi sama, su saki. Itacen bai ruɓe ba saboda yana nutse a ruwa inda iska ba ta kai masa. A 1845 wani injiniya ɗan Sikotilan, James Nasmyth, ya kai guduma mai aiki da tururi tashar jiragen ruwa ta Devonport a Ingila, kuma shi da kansa ya ba da labarin gasar da aka yi: injinsa ya nutsar da turke cikin minti 4 da rabi, masu tsohuwar hanya suka kwashe sama da awa 12 a kan irinsa.

Jikar waccan guduma ita ce ta dizal, wadda kamfanin Delmag na Jamus ya yi suna da ita. Wanda ya san injin niƙa ya san ta, don ita ma silinda guda ce da fistin, sai dai a nan fistin ɗin shi ne gudumar, nauyinsa kuma kan kai tan 2, tan 5, ko fiye. A ɗaga shi da waya sau ɗaya a saki. Yana faɗowa ya matse iskar da ke ƙarƙashinsa har ta yi zafi, ya daki kan turken, man da aka zuba ya kama, fashewar ta ƙara danna turken ƙasa ta kuma cilla fistin ɗin sama. Ya sake faɗowa. Haka zai yi ta yi sau 40 zuwa 50 a minti guda, da baƙin hayaƙi da ƙarar da ake ji daga wata unguwar, har sai an datse masa mai. Tana da wani hali mai ban dariya: a ƙasa mai laushi ƙwarai mutuwa take yi, don turken yana zurmawa kafin iskar ta matsu. Sai ta gamu da gardama take samun kuzari. Gudumar da ta zo bayanta, mai aiki da matsin mai (haidirolik), ta fi natsuwa, domin direba ne ke zaɓar tsayin da gudumar za ta ɗaga, kada a farfasa kan turken kankare tun bai kai inda za shi ba.

Bugu yana da wata falala da ba a cika ambata ba. Kowane duka shaida ne. Injiniya yakan tsaya da alli yana auna milimita nawa turken ya nutse a duka goma na ƙarshe, kuma daga nan yake gane ko ya sami mazauni ko da sauran tafiya.

Akwai kuma wadda ba ta bugu sam, jijjiga take yi, kuma injiniyoyin Tarayyar Sobiyet ne suka raine ta. Nauyaya ne masu karkata suke juyawa gaba da baya ga juna, turken ya yi ta karkarwa, yashin da ke kewaye da shi ya saki jiki. Tura hannunka cikin buhun gero kai tsaye ka ga inda zai tsaya, sannan ka riƙa karkaɗa shi ka ga ya shige har gwiwar hannu. A 1975 kamfanin Giken na Japan ya fito da wani inji da ke kama turakun da aka riga aka kafa ya yi jigo da su ya danna sabo cikin shiru, don aiki a tsakiyar gari.

To me ya sa mazaunin Abuja zai shekara goma bai ji wannan bugun ba, alhali a Legas da Fatakwal ba baƙon sauti ba ne? Amsar tana ƙasa. Bakin teku yashi ne da laka masu zurfin gaske, shimfiɗe daidai wa daida, irin ƙasar da guduma da injin jijjiga suke so. Gadar Legas ta uku, mai kilomita 11.8, da aka buɗe a 1990, da gada ta biyu a kan kogin Neja tsakanin Asaba da Anaca da aka ƙaddamar a 2023, duka a kan turaku suke tsaye, don babu wata hanyar. Abuja kuwa, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta keɓe da doka mai lamba 6 ta 1976, aka kuma tare a cikinta ranar 12 ga Disamban 1991, tana kan tsohon dutse ne mai tauri, wanda ya fito fili a Dutsen Aso da Zuma da tsaunukan Katampe, wanda kuma ake fasawa a Mpape a sayar da tsakuwarsa. Bisa dutsen ga jar ƙasa da marmara, masu ɗaukar kaya da kyau. Saboda haka mafi yawan gidajen Abuja ba su da buƙatar turke ko ɗaya, kuma duk wanda ya ce wa mai gidan ƙasa ko bene hawa ɗaya a kan tudun marmara sai ya yi fayilin, ba tare da ya nuna masa sakamakon gwaji ba, ina ganin aljihunsa yake gini.

Matsalar ita ce dutsen da ke ƙasa ba faifai ba ne. Kamanninsa ɗaya da wanda ke sama: tudu, kwari, gangara, sai dai an lulluɓe shi. Ruwan sama na dubban shekaru yana bin tsagoginsa yana ruɓar da shi, a wani wuri ya ci kaɗan, a wani ya ci da zurfi. A fili ɗaya, kusurwar gabas ka tarar da dutse a mita 2, ta yamma ka sauka mita 15 kana ta debo ruɓaɓɓiyar ƙasa mai ƙyalƙyali. Ginin da ya zauna gaba ɗaya daidai da 'yan santimita ba ya damun kowa. Wanda gefe guda ya tsaya a kan dutse ɗayan ya ci gaba da sauka, shi ne za ka ga ƙofa ta ƙi rufuwa, tayil ya ɗaga, tsaga ta kama daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace. Mai gida ya kira birkila ya shafe, damina ta gaba ta dawo.

Ga kuma yadda garin ya bazu. Taswirar asali ta 1979 ta bar bakin rafuka a matsayin wuraren shan iska da hanyar ruwa, amma tsadar fili ta tura gine-gine cikin kwaruruka da fadamu a irin su Lokogoma da Galadimawa da Lugbe, kuma ambaliyar da ta mamaye rukunin gidajen Trademore a watan Yunin 2023 ta tuna wa kowa inda ruwa ya saba bi. A cike kwari da tifa ɗari, a daddanne sama, a zana fuloti. Mai saye ya zo da rani ya ga fili lafiyayye. Mutanen Jos sun san 'yar'uwar wannan matsala, domin a wajajen Bukuru da Rayfield akwai tsofaffin ramukan kuza da aka mayar wa ƙasa tun zamanin Turawa, ciyawa ta rufe su kamar ba a taɓa taɓa wurin ba.

A irin wannan ƙasa guduma ba ta da daɗin aiki. Turken da aka zuba a masana'anta tsayinsa a yanke yake, dutsen kuwa ba a san inda zai tare shi ba, sai a yi ta yanke wannan ana ƙara wancan. In bakinsa ya sami gangaren dutse zai iya zamewa gefe ko ya karye a can ƙasa babu mai gani. Ga maƙwabta. Mutanen da suka kwana a waje lokacin motsin ƙasa na Mpape a watan Satumban 2018 ba za su zuba ido kofuna suna rawa a kan tebur don wani yana gini ba. Shi ya sa injin da aka fi gani a Abuja, a gindin gadoji da manyan benaye, mai haƙa ne, irin wanda muka tarar a filin dattijon. Kamfanonin da ke ƙera shi sun haɗa da Bauer na Jamus, Soilmec da Casagrande na Italiya, sai kuma Sany da XCMG na Sin da suka shigo kasuwa da rahusa.

Na tsaya na kalli aikinsa kusan awa guda. Daga hasumiyar akwai sandar ƙarfe mai shiga cikin juna kamar eriyar tsohuwar rediyo, tana miƙewa gwargwadon zurfin rami. A bakinta ga wani murɗaɗɗen ƙarfe mai haƙora. Ya sauka, ya juya, ya ciko ƙasa, ya fito, injin ya juya ƙugu gefe, ya karkaɗe ta, ya koma. Launin abin da yake zubarwa ma labari ne: ja da farko, sai baƙar laka mai wari da guntayen leda da fasasshen bulo, alamar tsohon juji ko ciko, sai rawaya-rawaya mai yashi, sai toka-toka. Da ya kai ga ruwa sai aka canza masa baki aka sa wani bokiti mai ƙofa a gindi. Tun a sama an riga an nutsa ƙaton bututun ƙarfe don kada bakin ramin ya rufta, inda bututun bai kai ba kuma ana cika ramin da ruwan wani yumɓu mai suna bentonayit, wanda nauyinsa ke tokare bango yana kuma shafe shi kamar yaɓe. Can sai ƙarar ta sauya, ta koma kamar ana goga ƙarfe a kan dutsen niƙa, injin duka ya ɗauki rawa. Direban, wani magidanci mai furfura a gemu, ya leƙo daga ɗakinsa ya ce da ni, "Malam, in ka ji kujerar nan ta fara dukan bayana, mun taɓa dutse. Amma wane dutsen, wannan sai Injiniya."

Wannan tambaya tasa ita ce cibiyar al'amarin duka. Ka san mulmulallun duwatsun nan da ake gani ɗore a kan juna a kan tsaunuka, musamman a hanyar Jos? Ba a sama suka mulmule ba. A cikin ƙasa ruwa ya cinye gefunansu ya bar ƙwayar, daga baya zaizaya ta kwashe ƙasar ta tona su. Waɗanda ba a tona ba suna nan binne, wani girman akwati, wani girman ɗaki, suna shawagi a cikin ruɓaɓɓiyar ƙasa kamar nama a miya. Injin ya sauka a kan ɗaya, ƙara ta canza, kowa ya yi hamdala an kai dutse, a zuba kankare. Alhali kaurinsa mita 1 ne, ƙarƙashinsa kuma laushi. Ranar da bene ya hau kansa, shi da turken za su sauka tare. Maganin abin shi ne a sa wa injin wani zagayayyen baki mai haƙoran ƙarfe mai tsananin tauri a yanki dutsen a shiga cikinsa sosai, turken ya sami gurbi kamar haƙori a dasashi. Amma yankan dutse yana cin mai, yana cin haƙora, yana cin lokaci. Mita guda a dutse kan ɗauki abin da mita goma a ƙasa ba su ɗauka ba. Ɗan kwangilar da ya karɓi aiki da araha, nan ne farkon inda zai nemi sauƙi.

Saboda haka injin da ya fi muhimmanci a wannan sana'a ba ƙaton ba ne, wani ɗan ƙarami ne mai ƙafa uku da ke zuwa tun kafin a zana harsashi. Shi ke huda siririn rami yana debo samfuri. A kowane mataki a sa bututu a daka shi da guduma mai kilo 63.5 da ake saki daga tsayin santimita 76, a ƙirga duka nawa ya ɗauka kafin ya nutse santimita 30. Duka 4 ko 5, laushi ne. Duka 30, an fara samun abin dogaro. Ya kai 50 bai shige ba, an gamu da wani abu mai tauri, kuma mai gwaji na ƙwarai ba zai tsaya nan ba, zai yanki dutsen aƙalla mita 3 ya tabbatar uwa ce ba 'ya ba. Ilimin nan na sanin halin ƙasa da lissafi bai daɗe ba, ana danganta kafuwarsa da littafin da Karl Terzaghi ya fitar a 1925. Shekara ɗari ke nan, amma har yanzu a wurinmu ana kallon gwajin ƙasa kamar wani haraji da injiniyoyi suka ƙirƙiro. Mutum zai je Dei-Dei ya zaɓi tayil mafi tsada ba tare da ya taya ba, amma a ce masa a huda rami huɗu maimakon ɗaya sai ya ce ana so a cuce shi. Rami ɗaya a tsakiyar fili, a ƙasa irin ta Abuja, kamar ka ɗanɗani loma ɗaya ne ka yi rantsuwa a kan tukunya. Mafi muni shi ne rahoton aro, a ɗauko na wani fili a canza lambar fuloti a kai ofis. Sashen kula da gine-gine na birnin yana neman rahoton gwajin ƙasa ga manyan benaye, COREN, hukumar kula da aikin injiniya da aka kafa a 1970, tana rajistar injiniyoyi, akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Sai dai takarda ake dubawa a ofis, kuma takarda ba ta da jar ƙasa a jikinta.

In an gama haƙa, sauran aikin ya fi haƙar haɗari, don shi ba a ganinsa ko kaɗan. Sai an share gindin ramin tas, in ba haka ba turken zai zauna a kan katifar laka. A zura kejin rodi da aka ɗaure, da 'yan ƙwallayen siminti a gefunansa don kada ƙarfen ya taɓa bango ya yi tsatsa. Kankare kuma ba a kwarara shi daga sama, don in ya faɗa ta cikin ruwa siminti zai wanke, tsakuwa ta ware. Dogon bututu ake saukarwa har gindi, da mazurari a kansa, kankaren ya fito ta ƙasa ya yi ta turo ruwa da laka sama. Dole bakin bututun ya zauna mita 2 ko 3 a cikin ɗanyen kankaren har a gama. Wani ya yi gaggawar ɗaga shi sau ɗaya, laka ta shiga tsakani, turken ya zama gida biyu. Motar kankare ta maƙale a cunkoson Nyanya ko na hanyar Kubwa, na farko ya fara daskarewa kafin na biyu ya iso, sakamakon ɗaya ne.

Akwai lissafi mai sauƙi da ko mai gida zai iya riƙewa. Rami mai faɗin santimita 60 da zurfin mita 15 yana shan kankare kimanin dunƙule 4.2 na mita. In ya sha 3 da rabi ya ce ya ƙoshi, bango ya rufta ya shaƙe shi a wani wuri. In ya sha 6, akwai kogo ko ƙasa mai gudu. Wurin aikin kirki yana da littafi, kowane turke da shafinsa: zurfi, lokacin da aka taɓa dutse, nawa aka shiga cikinsa, lokacin fara zuba kankare da na gamawa, mota nawa. Bayan kankaren ya yi ƙwari ana iya bin turakun ɗaya bayan ɗaya da 'yar guduma da na'ura mai sauraron amsa-kuwwa, kamar yadda mai sayen tulu ke ƙwanƙwasa shi ya ji ko da tsaga. Sannan a zaɓi ɗaya ko biyu a ɗora musu kayan da ya kai ninki ɗaya da rabi na abin da za su ɗauka, a auna saukarsu da milimita. Wannan gwaji na ƙarshe shi ake fara gogewa daga takardar kuɗi in an zauna ragi.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, kuma ina fahimtar masu jin ciwonsa. Injin nan nauyinsa gomman tan ne, ba ya hawa kwalta da ƙafarsa, sai an goyo shi a doguwar tirela, sau da yawa daga Legas, tafiyar sama da kilomita 700, kuma mai gini ne zai biya zuwa da komawa ko da turke goma kawai yake so. Yana shan dizal kamar raƙumi. Haƙoransa da robobinsa da famfunansa da kuɗin waje ake sayo su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi. Daga nan ne masu injin burtsatse suka sami ƙofa. Wasunsu sun iya ƙananan turaku, ban hana musu ba. Amma haƙa rijiya da kafa turke ba sana'a ɗaya ba ce: mai rijiya ruwa yake nema, bai damu ba ko ramin ya ɗan karkace ko laka ta kwanta a gindi, mai turke kuwa a nan rayuwar gininsa take.

Kuma ko an kafa turaku, ba laya ba ne. Cikon da bai gama zama ba yana ci gaba da sauka shekara da shekaru, kuma yana sauka ne riƙe da jikin turken, wato maimakon ya tallafe shi sai ya zame masa ƙarin kaya. A San Faransisko ta Amurka akwai bene mai hawa 58 da aka buɗe a 2009, takwaran Millennium Tower tamu ta Abuja, wanda turakunsa suka tsaya a yashi ba su kai dutse ba. Zuwa 2016 ya nutse kimanin santimita 40 ya kuma karkata, aka kashe wajen dala miliyan 100 wajen kafa masa sababbi har dutse. A Shangai ta ƙasar Sin kuwa, ranar 27 ga Yunin 2009, wani bene mai hawa 13 da ba a tare a ciki ba ya kwanta a gefensa ɗungurungum, tagoginsa da yawa ko fashewa ba su yi ba, ma'aikaci ɗaya ya rasu. An haƙa ramin ajiye motoci a gefe guda, an tara ƙasar da aka kwaso tsibi a ɗaya gefen, ruwan sama ya jiƙa ta, ƙasa ta tura gefe ta kakkarya turakun kamar rake. Wannan labari yakan faɗo mini a rai duk lokacin da na ga ana haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa dab da katangar wani a Wuse ko Jabi. A nan ma injin nan ne ke aiki, a jera turaku kafaɗa da kafaɗa su zama bango kafin a fara kwashe ƙasa, in mai ginin ya yarda ya biya don kare gidan da ba nasa ba.

Kafin mu bar filin, dattijon ya hango leburori biyu da injin fasa dutse suna farfasa kan wani turke, ya sake hasala. "Yanzu kankaren da na biya ne kuke fasawa a gabana?" Injiniyan ya ɗauko wani ɓallin ya murtsuke shi da hannu ya zama gari. Ya ce, "Alhaji, wannan shi ne na farkon da ya shiga, shi ya turo laka tun daga gindi har sama, duk dattin yana jikinsa. Da gangan muke zubawa ya wuce, mu sare, mu ɗora ginin a kan mai kyau." Sannan ya kai mu wata rumfar kwano inda aka jera akwatunan katako, cikinsu guntayen dutse mulmul kamar taɓarya da aka yanko lokacin gwaji, kowanne da lambar zurfinsa da jan fenti. Dattijon ya ɗauki ɗaya, toka-toka mai ɗigon baƙi da fari, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya sa gilashi ya karanta lambar. Ya tambaya ko za a bar masa. Injiniyan ya ce sai an gama aiki, don masu duba gini na iya nema. Ya mayar da shi gurbinsa a hankali, ya ce a rubuta sunansa a jikin akwatin, ya tattare babbar rigarsa daga taɓo muka nufi mota.